Manjo Burdon, Razdan na farko a Sakkwato

Duk wanda ya tsaya a bakin iyakar Illela ranar Lahadi, ranar da kasuwar garin take ci, zai ga shanu da raƙuma da buhunan hatsi suna ta kai da komowa tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar.

Masu koro dabbobin da masu sayensu harshensu ɗaya ne, alƙiblarsu ɗaya, da yawa daga cikinsu ma kakanninsu ɗaya. Amma mutumin Birnin Konni, wanda gidansa bai wuce 'yan kilomitoci daga nan ba, ɗan wata ƙasa ne, da takardarsa dabam, da kuɗinsa dabam.

An shata wannan iyaka ne a shekarun da wani Baturen Ingila, Manjo John Alder Burdon, yake riƙe da lardin Sakkwato a matsayin Razdan na farko bayan cin birnin da yaƙi a shekarar 1903.

A duk lokacin da aka tayar da maganar ko ya dace a yaba wa jami'an mulki na zamanin Turawa, wato su Razdan da Di'o da suka yi ta rangadi a kan doki cikin ƙauyukan Arewa, rayuwar wannan mutum tana cikin waɗanda suka fi dacewa a ɗora a kan sikeli, domin ta tara alheri da ɓarna wuri ɗaya.

Ɗan limamin coci

An haifi Burdon a shekarar 1866 a birnin Beijing na ƙasar Sin. Mahaifinsa, John Shaw Burdon, ɗan mishan ne wanda ya yi fice wajen sanin harshen Sinanci, daga baya kuma ya zama babban limamin cocin Ingila a Hong Kong.

Ke nan yaron ya tashi ne a gidan da ake ɗaukar koyon harshen baƙi a matsayin mabuɗin shiga zukatan mutane. Ya yi karatu a Ingila har zuwa Jami'ar Cambridge, sannan ya shiga aikin soja.

Aikin sojan ne ya kawo shi bakin kogin Kwara, inda ya shiga rundunar kamfanin Royal Niger Company na Sir George Goldie. Yana cikin hafsoshin da suka yi yaƙin shekarar 1897, lokacin da kamfanin ya far wa Bida da Ilori, masarautu biyu da ke ƙarƙashin tutar Daular Usmaniyya ta ɓangaren Gwandu.

Saboda haka farkon haɗuwarsa da mutanen daular a fagen fama ne, yana bayan bindiga mai ruwa.

Da gwamnatin Birtaniya ta karɓi ragama daga hannun kamfanin a ranar 1 ga watan Janairun 1900, ta ɗora Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, Burdon ya ajiye aikin bariki ya koma ɓangaren mulki. An tura shi Bida, kuma a can ne ya fara zama da sarakuna da alƙalai, yana nazarin yadda suke tafiyar da jama'arsu. Ya duƙufa kan Hausa har ya zama ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan ɗin Turawan lokacin da ke iya zance da basarake ba tare da dogaro kacokan ga tafinta ba.

Ranar da Sakkwato ta faɗi

A ranar 15 ga watan Maris na 1903 dakarun Kanar Morland suka gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya a filin Giginya, a wajen ganuwar Sakkwato. Dawaki da takubba da masu ba su iya jure wa igwa da bindiga mai ruwa ba.

Sarkin Musulmi ya kama hanyar hijira zuwa gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, har ya yi shahada a Burmi a ranar 27 ga watan Yulin wannan shekara.

Waziri Muhammadu Buhari kuwa ya zaɓi ya dawo birni ya yi sulhu, bisa hujjar cewa barin Musulmi ba jagora ya fi muni, kuma daga baya ya rubuta wata risala yana bayyana wa malamai dalilansa.

Burdon ne jami'in siyasa da ya zo tare da rundunar. Shi ne ya zauna da Waziri da sauran masu zaɓen sarki, kuma a ranar 21 ga watan Maris aka tabbatar da Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, a kan gadon sarauta.

Lokacin da Lugga ya yi wa manyan gari jawabi, wani tafinta mai suna Kiari ne ya riƙa fassarawa, Burdon kuma yana bin fassarar daki-daki don kada a yi ragi ko ƙari.

Abin da jawabin ya ƙunsa mai nauyi ne. Ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon sa haraji, da ikon ƙasa, duk sun koma hannun Turawa. An hana farautar bayi da cinikinsu. A ɗaya hannun kuma an yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba.

Da Lugga ya juya, Burdon aka bari a Sakkwato ya aiwatar da wannan sabon tsari, shi da 'yan tsirarun mataimaka da wata ƙaramar rundunar soja.

Mai kare sarauta

Ra'ayin Burdon game da mulki bai ɓuya ba. A shekarar 1904 ya wallafa wata maƙala a mujallar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan a kan masarautun Fulani na Arewacin Nijeriya, inda ya nuna cewa daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa tana da tsari da shari'a da majalisa, kuma hikima ita ce a yi mulki ta hannunta maimakon a rushe ta.

A wancan zamani ba kowane Bature ne yake da wannan fahimta ba. Akwai masu kallon sarakunan Fulani a matsayin azzalumai 'yan mamaya da ya kamata a kawar. Shi kansa Lugga ya fi son Razdan ya riƙe linzami tamau, yayin da Burdon yake ganin aikin Razdan shi ne ba da shawara daga bayan fage, a bar Sarkin Musulmi da martabarsa a idon talakawansa.

Wannan matsayi ya yi tasiri. Kotunan alƙalai suka ci gaba da aiki. Majalisar Sarkin Musulmi ta ci gaba da zama. Birnin Shehu bai ga 'yan mishan sun kafa sansani a cikinsa ba a zamanin wannan ɗan limamin coci. Ya kuma buɗe wata 'yar ƙaramar makaranta ta 'ya'yan sarakuna a Sakkwato tun kafin Ɗan Hausa ya kafa tasa a Nasarawa ta Kano a 1909.

Sai dai martabar da aka bar wa Sarkin Musulmi ba ta haɗa da ikonsa na da ba. Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Adamawa sun daina aiko da gaisuwar shekara, kuma ba shi ne yake naɗa sarakunansu ba. Wanda a da yake shugaban daula guda ya koma sarkin masarauta ɗaya a cikin lardi ɗaya.

Ta fuskar bayi kuwa, tausayin Burdon ya fi karkata ga iyayengiji. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun 1901 ɗa ne, amma wanda yake cikin bauta ba a sake shi kai tsaye ba. Burdon na cikin jami'an da suka fi nuna adawa da gudun bayi daga gandaye da rumada, bisa tsoron cewa noma zai durƙushe kuma masu sarauta za su talauce. Hanyar da aka fi ƙarfafawa ita ce ta murgu, wato bawa ya yi aiki ya tara kuɗi ya fanshi kansa. Ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai a shekarar 1936.

Rangadi da iyaka

Ginshiƙin aikin jami'in mulki a wancan lokaci shi ne rangadi. Babu mota, babu hanya mai kwalta. Bature yakan hau doki ya yi makonni a daji, a bayansa ga 'yan dako ɗauke da akwatuna da gadon tafiya, ga masinja, ga tafinta, ga malamin da ke rubuta sunayen garuruwa, ga kuma wakilin Sarkin Musulmi da ke tabbatar wa mutane cewa baƙon da izini ya zo.

A kowane zango akan ƙidaya gidaje da shanu saboda haraji da jangali, a saurari ƙara, a auna nisan rijiya da rijiya. Ƙauyen da aka sauka shi yake kawo itace da ruwa da harawar dawaki. Daga irin waɗannan tafiye-tafiye aka samo taswira da jerin gundumomin da aka daɗe ana aiki da su.

Arewacin lardin, inda Illela take, yana hannun Marafa Muhammadu Maiturare na Gwadabawa, jarumin da ya zaunar da jama'a a wannan yanki tun kafin zuwan Turawa, ya kuma yi yaƙi a Giginya, daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Duk Baturen da ya nufi iyaka, ta ƙasarsa yake bi.

Ita iyakar kanta ba a zaune take ba. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana wani rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, ta ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. A bisa wannan lissafi Birnin Konni na ɓangaren Sakkwato, ko da yake hakan bai hana ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine yi wa garin kisan kiyashi a 1899 ba.

Faransawa sun yi ta ƙorafin cewa da'irar ta tura su cikin hamada, ba su da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. A yarjejeniyar ranar 8 ga watan Afrilun 1904, Faransa ta haƙura da wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can a nahiyar Amurka ta Arewa, Ingila kuma ta saka mata da abubuwan da suka haɗa da ja da iyakar Sakkwato zuwa kudu.

An ƙara gyara layin a 1906, sannan wani kwamitin haɗin gwiwa a ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ya bi shi yana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Ƙasashen biyu suka amince da aikin a 1910.

Ta haka Konni, wadda ta daɗe tana bin Sakkwato, ta koma hannun Faransa, Illela ta zama bakin iyaka. Ba Burdon ne ya yanke wannan hukunci ba, a Landan da Paris aka yanke shi. Amma lardinsa ne aka yanka, kuma shi da mataimakansa ne suka mayar da layin takarda ya zama abin da manomi da makiyayi da ɗan fatauci za su yi la'akari da shi.

Satiru

Babbar jarrabawar Burdon ta zo ne a farkon shekarar 1906, kuma wani ɓangare nata daga ƙetaren wannan iyaka ya fito.

Satiru ƙauye ne da ke kudu da Sakkwato, tafiyar da ba ta kai yini guda ba. Mazaunansa talakawa ne da malamai da bayin da suka gudo, kuma aƙidar jiran Mahadi ta yi ƙarfi a cikinsu. Tun a 1904 aka kama shugabansu, ya mutu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi.

Sai ga wani malami makaho, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya iso daga ƙasar Faransa bayan wani bore da aka murƙushe a yankin Dosso. Zuwansa ya ƙara wa wutar iska.

A lokacin Burdon ya riga ya miƙa aiki ga H. R. Preston-Hillary ya kama hanyar tafiya hutu. A ranar 14 ga watan Fabrairu Hillary ya nufi Satiru da sojan doki. Mutanen garin suka far musu da fartanya da gatari da kibau. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood da sojoji 25.

Da labari ya iske Burdon a hanya, sai ya juyo. Ya tarar da barikin da ba shi da ƙarfin kare kansa. Da Sarkin Musulmi da hakimansa sun ga dama a wannan mako, da mulkin Turawa a Sakkwato ya zo ƙarshe, aƙalla na wani lokaci.

Ba su yi haka ba. Attahiru na biyu ya tsaya tare da Razdan, Marafa Maiturare ya kawo mahayansa. Masu sarauta suna kallon Satirawa a matsayin barazana ga gadon mulkinsu, kamar yadda suke barazana ga Turawa. Ga Burdon kuwa, wannan shi ne sakamakon shekaru uku da ya yi yana girmama fada.

A ranar 10 ga watan Maris rundunar Manjo Goodwin mai sojoji sama da 500 ta auka wa Satiru. An ƙiyasta cewa an kashe mutum kimanin 2,000. Mahayan Sakkwato suka bi waɗanda suka gudu. Aka kwashe mata da yara aka rarraba su, aka baje garin, aka kuma hana sake gina shi. An yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato. Sarkin Gwandu na lokacin ya rasa rawaninsa bisa zargin yana da ƙafa a cikin lamarin.

Kisan ya yi munin da har a Landan ya tayar da ƙura, inda Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ma'aikatar ƙasashen mallaka, ya nuna rashin jin daɗinsa. Sarkin Musulmi kuwa lambar girma Birtaniya ta ba shi.

Burdon ba shi ne kwamandan yaƙin ba, amma shi ne shugaban mulkin lardin da abin ya faru a cikinsa. Daga Satiru ne ƙawancen Turawa da sarakuna ya yi ƙarfin da ya kai har ranar samun 'yancin kai a 1960.

Tatsuniyoyi a cikin akwati

Akwai wani gado na Burdon da bai shafi bindiga ko haraji ba. A zamansa na Sakkwato ya sa malamai sun rubuta masa tatsuniyoyi da labarai da tarihin garuruwa cikin ajami.

Da zai bar ƙasar sai ya damƙa tarin takardun ga wani jami'i mai suna Frank Edgar, wanda ya ƙara da nasa, ya mayar da su rubutun boko, aka buga a birnin Belfast cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 da sunan Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa.

Har yau wannan tari yana cikin mafi girman taskokin zube na Hausa daga farkon ƙarni na 20, kuma Farfesa Neil Skinner ya fassara shi zuwa Turanci, juzu'in farko ya fito a 1969. Shi ma Burdon ya wallafa wani littafi a 1909 a kan tarihin wasu masarautu da ƙabilun Arewa.

Sunan Edgar ne a bangon littafin tatsuniyoyin, ana kuma ambaton Burdon a matsayin wanda ya fara tarawa. Malaman Sakkwato da suka zauna da tawada da alƙalami suka rubuta, ba su ne duniya ta sani ba.

Ƙarshen tafiya

A shekarar 1910 Burdon ya bar Nijeriya zuwa tsibiran Karibiyan. Ya yi sakataren gwamnati a Barbados, ya shugabanci St Kitts da Nevis, sannan a 1925 aka naɗa shi gwamnan British Honduras, ƙasar da a yau ake kira Belize. An ba shi lambar girma ta Sir.

A can ma halinsa bai sauya ba. Ya tattara tsofaffin takardun tarihin ƙasar aka buga su cikin juzu'i uku, akwai kuma wata mashigar ruwa da ke ɗauke da sunansa. Amma a 1931 ya ƙi amincewa da shawarar halatta ƙungiyoyin ƙwadago da sa mafi ƙarancin albashi. A watan Satumbar wannan shekara wata mahaukaciyar guguwa ta rugurguza babban birnin ƙasar, ta hallaka mutum fiye da 1,000. Ba da jimawa ba ya bar aiki, ya mutu a farkon shekarar 1933.

A kan sikeli

Masu ganin ya kamata a yaba wa jami'ai irin su Burdon suna da abin nunawa. Ya koyi harshen mutanen da ya mulka, ya girmama malamansu da alƙalansu, ya tsaya kan alkawarin da aka yi game da addini, ya kuma adana wani yanki na adabinsu. Sun yi aiki a zamanin da zazzaɓi yake kashe Turawa da yawa, nesa da iyalansu.

Masu ja da wannan ra'ayi su ma ba su rasa hujja ba. Da yaƙi ya shigo, ba da gayyata ba. Sarautar da ya kare an riga an zare mata ƙashin baya. Bawan da ya gudu daga gandu bai samu mafaka a wurinsa ba, kuma kufan Satiru yana nan.

Akwai kuma waɗanda ba a cika sa su a lissafin ba sam. Birtaniya ta riga ta saka wa jami'anta da lambobi da fansho da littattafan tarihi. Tafintan da ya ɗauki maganar sarki zuwa kunnen Razdan, da masinjan da ya yi gudu da wasiƙa cikin dare, da ɗan dakon da ya ɗauki akwati daga Sakkwato zuwa iyaka, su ne ƙafafu da bakin wannan mulki. Wanda ke neman labarinsu sai ya tona rahotannin lardin Sakkwato da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, inda sukan ɓullo jefi-jefi a gefen labarin wani.

Ita kuwa iyakar da aka shata a zamaninsa tana nan daram. An rufe ta a watan Agustan 2019, aka buɗe mashigar Illela a watan Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024.

A kowane karo, waɗanda suka fi jin jiki su ne 'yan kasuwa da direbobi da dangin da ke zumunci tsakanin Illela da Konni, jikokin mutanen da babu wanda ya nemi shawararsu ranar da aka ja layin.